Yadda ake shirya tafiyar jirgin ruwa a tekun arewacin duniya, daga Zariya

Duk wanda ya saba ratsa layin masu kayan miya a kasuwar Sabon Gari ya san busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda 'yan kudu ke kira okporoko. Shekaru ina wuce shi ban taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba, sai ranar da ni da uwargida muka tsaya a saman jirgin ruwa a tsibiran Lofoten na ƙasar Norwe, a ƙarshen watan Mayu, muka hango katakan shanya shi jere a bakin teku, ƙarninsa na iso mu tun jirgi bai tsaya ba. Kawunan ma daban aka shanya su, kuma Najeriya ce babbar kasuwarsu. Tun da muka dawo mutane ke tare ni, a masallaci da wajen ɗaurin aure, suna tambayar yadda ake wannan tafiya. Wani yayana cewa ya yi, "Malam, ni dai faɗa mini sunan jirgin kawai, sauran na iya." Na ce masa, "Yaya, ai jirgin shi ne abu na ƙarshe." Ga mai ɗauke da koren fasfo, jirgi da ɗaki da abinci duk suna biyo bayan biza ne, kuma wanda ya juya wannan tsari yakan yi asarar kuɗi mai yawa.

Fara da fasfonka

Ka ɗauko shi yau ka duba ranar ƙarewarsa. Ƙasashen Turai da ke cikin yarjejeniyar Shengen, waɗanda ake shiga da biza ɗaya, har da Norwe, suna so ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka bar ƙasarsu, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Kamfanonin jiragen ruwa da yawa kuwa wata 6 suke nema. Ka bi na wata 6 ɗin, hankalinka ya kwanta. In bai kai ba, sabunta shi ne aikinka na farko.

Daga nan sai ka zaɓi hanya, kana ƙirga biza nawa kowace ke bukata. Hanyoyin da aka fi bi huɗu ne. Akwai Alaska, amma jiragen da ke zuwa can galibi daga Seattle ko Vancouver suke tashi, kuma kusan dukkansu sai sun taɓa Kanada, don haka bizar Amurka da ta Kanada za ka nema lokaci guda. Ni na ajiye wannan gefe. Akwai manyan jiragen da ke tashi daga Southampton a Ingila su nufi Norwe ko Aislan su dawo. Farashinsu na jan hankali, amma Ingila ba ta cikin Shengen, ke nan biza biyu. Wani ejan ya kusa sa mu biya kuɗin irin wannan tafiya ba tare da ya ambaci bizar Ingila ba ko sau ɗaya, Allah ya sa na tambaya kafin in tura kuɗi. Akwai kuma can ƙuryar arewa, tsibiran Svalbard da Girinlan. Svalbard ta Norwe ce amma ba ta cikin Shengen, wanda ya je can ta Norwe ya fita ke nan, sai da biza mai shiga sau biyu zai iya dawowa. Girinlan kuwa, da yake a ƙarƙashin ƙasar Denmak take, sai bizar da Denmak ta rubuta a jikinta cewa ta haɗa da can.

Ta huɗu ita nake ba mutumin Zariya shawara ya fara da ita: gaɓar tekun Norwe, daga birnin Bergen zuwa Kirkenes da ke dab da iyakar Rasha. Ƙasa ɗaya, biza ɗaya. Tun 1893 jiragen Hurtigruten ke bin gaɓar nan suna kai wasiƙu da kaya da fasinja ƙauyukan da ke bakin ruwa, kuma tun 2021 kamfanin Havila ma ya shigo hanyar. Tashoshi 34 ne. Zuwa da dawowa kwana 11 ake yi a ruwa, zuwa kaɗai kwana 6, dawowa kaɗai kwana 5. Mafi yawan tafiyar a tsakanin tsibirai ake yin ta, inda ruwa ke kwance, kuma kusan kullum kana ganin tudu. Ga wanda babban ruwan da ya sani shi ne Galma ko dam ɗin Shika, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wane wata?

Abin da kake son gani shi zai zaɓa maka. Da zarar jirgi ya ƙetare layin da ake kira da'irar Aktik, a rana ta huɗu daga Bergen, lissafin dare da rana ya canza. A birnin Tromso rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu har cikin kwanakin ƙarshe na Yuli. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta fitowa sam, sai wani haske mai shuɗi-shuɗi na 'yan sa'o'i da tsakar rana. Hasken nan mai launin kore da ke rawa a sararin sama, wanda ake yaɗa hotonsa a waya, sai da duhu ake ganinsa, wato daga ƙarshen Satumba zuwa Maris, kuma ko a lokacin sai sama ta washe. Ba a haɗa shi da ganin rana da tsakar dare a tafiya ɗaya.

A ganina tafiyar farko a yi ta tsakanin ƙarshen Mayu da Agusta. Sanyin lokacin a arewa yakan tsaya wajen digiri 8 zuwa 15, kusa da asubar hunturu mai ƙarfi a Samaru, sai dai iskar teku na ƙara masa kaifi. A lokacin sanyi kuwa Kirkenes na iya sauka ƙasa da sifili da digiri 20. Sannan ka duba kalandar Musulunci: a shekarun nan azumi yana faɗowa ne a watannin sanyin can, yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Abin da ka samu da lokacin zafi, za ka biya shi da tsada, domin lokacin ne kowa ke zuwa. Mayu da Satumba sun fi rangwame.

Jirgi da ɗaki

Manyan jiragen shaƙatawa suna ɗaukar mutum dubbai, da gidajen rawa da mashaya da wurin caca. Jiragen gaɓar Norwe 'yan ɗaruruwa suke ɗauka, ba hayaniya, mutane na zaune gaban taga suna kallon duwatsu. Ga mai tafiya da iyali, na biyun ya fi dacewa da tarbiyyarmu.

Wajen ɗaki, ka bar maganar kyan gani tukuna, ka nemi na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa. Goshin jirgi da bayansa da saman bene su suka fi lilo idan teku ta motsa. Ɗaki mai taga ya fi wanda ba shi da ita tsada, amma na ga amfaninsa: ganin inda sama ta haɗu da ruwa yana rage jiri. Baranda kuwa ban ga dalilin biyan kuɗinta a wannan sanyi ba. Mai tafiya shi kaɗai ya sani cewa farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu, za a ƙara masa kuɗi. Mace mai juna biyu ta tambaya tun da wuri, kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar cikin da ya kai mako 24.

Kuɗi da biza: wanne ke gaba?

Nan ne wurin da ya fi bukatar natsuwa. Ofishin jakadanci na son ganin shaidar ka kama ɗaki a jirgi kafin ya ba ka biza, kamfanin jirgi kuma na son kuɗinsa tun kafin ka san ko za a ba ka. Ga shi a 2024 fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya da suka nemi bizar Shengen ba su samu ba. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka nemi sharuɗɗan fasa tafiya a rubuce, ka karanta su layi-layi. Nawa ne kafin alƙalami? Wace rana ce ta ƙarshe ta cika sauran? In an hana ka biza, me za a maido maka? Tikiti mafi araha galibi shi ne wanda ba a maido da komai. Gara ka ƙara kuɗi ka sayi mai sassauci.

Ana karɓar takardar neman bizar Shengen tun wata 6 kafin tafiya. Ka miƙa taka da zarar ƙofa ta buɗe, domin amsa ta fito kafin ranar cika kuɗin jirgi. Ana nema ne a wajen ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, ba wadda jirgin sama zai fara sauke ka ba. Kuɗin biza ga babba yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da na ofishin karɓar takardu, kuma ba a maido da shi in an hana. Sai ka je da kanka a ɗauki hoton yatsunka, ka shirya tafiya Abuja ko Legas.

Takardun da za ka haɗa: bayanin shige da ficen asusun banki na watannin baya, takardar wurin aiki da izinin hutu ko rajistar kasuwanci, jadawalin jirgin ruwa mai nuna kowace tasha, shaidar masauki na daren farko da na ƙarshe, takardar aure in da iyali, da inshorar lafiya da ta kai aƙalla yuro 30,000 a duk ƙasashen Shengen. Wannan adadi mafi ƙaranci ne kawai. Ka tabbata inshorar ta ambaci tafiyar jirgin ruwa da ɗauko mara lafiya daga teku. Kada ka ranto kuɗi ka zuba a asusu mako ɗaya kafin miƙa takardu, masu dubawa sun san wannan sarai. Kada kuma ka yarda wani ya haɗa maka takardar bogi, ranar da aka gane ta ka rufe wa kanka ƙofar ƙasashe da yawa.

Wajen lissafin guzuri, ka rubuta kowane abu daban: ɗakin jirgi, jirgin sama, biza, inshora, otal, tufafi, da yawon da ake fita a tashoshi, wanda ba ya cikin kuɗin ɗaki. Norwe na cikin ƙasashe mafi tsadar rayuwa a Turai, kuma ba yuro take kashewa ba, kurona ce kuɗinta. Kusan komai da kati ake biya, har shayi. Ka je bankinka ka tabbatar katin asusunka na dala yana aiki a waje, ka riƙe na biyu daga wani banki a aljihu daban.

Daga Kwangila zuwa Bergen

Babu jirgin sama kai tsaye daga Najeriya zuwa Norwe. Ko dai ka hau mota zuwa Kano, ko ka je Kaduna ka kama jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, daga nan ka bi ta Jamus ko Faransa ko Turkiyya, ko ka bi ta Holan in daga Legas ka tashi. Ka riƙe katin allurar rigakafin cutar shawara tare da fasfo. Ka kwana a garin da za ka tashi, kada ka bar Zariya ranar tafiya.

Abu mafi muhimmanci a nan: ka isa Bergen aƙalla kwana ɗaya kafin jirgin ruwa ya tashi, in da hali biyu. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa, akwati kuma kan makale a filin jirgin da aka yi canji. Shi ya sa magunguna, takardu, caja da tufafin sanyi saiti ɗaya su zauna a jakar hannu. In ka sauka a Oslo, jirgin ƙasa zuwa Bergen yana ɗaukar wajen awa 7, yana hawa duwatsu har tashar Finse mai tsayin mita 1,222, inda muka ga dusar ƙanƙara kwance a watan Mayu. Bergen gari ne na ruwan sama, ka fitar da rigar ruwa tun daga tasha. Agogo ba zai wahalar da kai ba: lokacin sanyi daidai muke da su, lokacin zafi sun riga mu da awa ɗaya.

Maganin sanyi

Kuskurenmu shi ne neman ƙatuwar riga guda ɗaya mai nauyi. Mutanen can hawa uku suke sawa. Na jikin fata, riga da wando masu kama jiki na ulu, ba auduga ba, domin auduga na shan gumi ta riƙe shi, sai ta koma ita ke sanyaya ka. Na tsakiya, suwaita mai kauri. Na waje, jaket da iska da ruwa ba sa ratsawa, mai hula a jiki. Cikin jirgi akwai ɗumi, waje akwai sanyi, kuma sau ashirin za ka fita a rana, mai hawa uku sai ya cire ɗaya ya mayar. Na tsakiya da na waje ana samunsu da kyau a wajen 'yan gwanjo, musamman bayan hunturu ya wuce da farashi ya sauka. Ka duba zif da ɗinki, ka ɗiga ruwa a hannun rigar ka ga ko zai gangare. Na jikin fata ka sayi sabo.

Sai hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, safar ulu ƙafa uku ko huɗu, da takalmi rufaffe mai ƙasan roba da ba ya santsi. Kaftani na hawa kan kayan ciki ba matsala, amma babbar riga ba ta saman jirgi ba ce, iska za ta cika ta. Uwargida ta gano cewa dogon hijabi ma haka, sai ta koma ƙarami tana cusa shi cikin wuyan jaket, da wandon ulu a ƙarƙashin siket. Man kaɗanya ya yi mana aikin da yake yi da hunturu, leɓe da dunduniya. Ka sayi mahaɗin soket tun daga gida, nasu mai baki biyu ne zagayayyu, namu mai uku ba ya shiga. Da lokacin zafi ka haɗa da abin rufe ido na barci.

Salla da abinci

Wannan shi ne abin da ya fi damuna kafin mu tashi, kuma ba a cikin jirgi ake warware shi ba. Ka zauna da malaminka tun a gida, da jadawalin tafiyar a hannu. A daren da muka bar Tromso, ƙarfe goma sha biyu ta yi rana na tsaye saman duwatsu, jawur kamar ta bayan la'asar, tsuntsaye na ta shawagi. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, yanzu magariba ta yi ko ba ta yi ba?" Da ba mu zo da amsa daga Zariya ba, da mun kwana cikin wasu-wasi. Salloli biyar ba sa faɗuwa, ƙiyasta lokutansu ake yi, bisa hadisin Dujal inda Annabi (SAW) ya yi umarni da a ƙaddara wa doguwar rana lokutanta. Wasu malamai sun ce a bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu sun ce a bi na Makka. Ka ɗauki ɗaya bisa fatawar da aka ba ka, ka rubuta lokutan kowace rana a takarda, ka tsaya a kai. Manhajar waya na rikicewa a can, kada ka dogara da ita.

Ka tambayi malam batun ƙasaru, da na haɗa salloli, domin a fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu rangwamen haɗawa an danganta shi da tafiyar tudu. Ka tambayi hukuncin shafa a kan huffi, da na salla a zaune in teku ta hana tsayuwa. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba gabas kamar yadda jikinka ya saba ba, kuma jirgi na juyawa, ka duba kafin kowace kabbara. Ƙaramar buta ta roba da dadduma mara nauyi su shiga akwati, ban-ɗakunansu babu abin tsarki. A Tromso akwai masallaci a tsakiyar gari, tafiyar ƙafa daga tasha.

Abinci ya fi sauƙi fiye da yadda na zata, domin kifi ne sarkin teburinsu, ga ƙwai da burodi da dankali da kayan lambu. Ka rubuta wa kamfanin tun makonni kafin tafiya cewa ba ka cin alade da duk abin da aka dafa da giya, ka maimaita wa mai kula da ɗakin cin abinci a daren farko. Miya da kayan zaƙi su ne wurin tambaya. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ka bar su a gida: dokar Norwe ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin tamu. Yaji da garin citta muka ɗauka, kuma yajin nan shi ya gyara mana kifinsu.

Bayan ka shiga jirgi

Za a yi bayanin matakan tsira kafin a tashi, kuma wajibi ne ga kowa. Ka saurara da gaske, ka taka da ƙafarka daga ɗakinka zuwa wurin taruwa, ka san inda rigar ceto take. Ka kashe datar waya in an yi nisa da gari, domin tana iya kama layin tauraron ɗan'adam na jirgi, kuɗinsa kuwa ba kama hannun yaro.

Wuraren da ruwa ke buɗewa sanannu ne: kewayen tsinin Stad da sassafen rana ta biyu, mashigin Vestfjord kafin Lofoten, da gaɓar tekun Barents bayan Honningsvag. Ka tambayi ma'aikata ƙarfe nawa za a shiga kowanne. Maganin jiri ana shan sa ne kafin lilo ya fara, wanda likitanka ya amince da shi, musamman in kana da hawan jini ko ciwon suga. Ka ci abu mara maiƙo, ka sha shayin citta, ka fita iska ka kafa ido can nesa.

A ƙananan tashoshi minti 10 ko 15 kawai ake tsayawa, a sauke kaya a wuce, kada ka yi nisa. Manyan su ne na fita: Alesund, Trondheim mai tsohon cocin Nidaros, Bodo, Tromso, da Honningsvag inda ake hawa bas zuwa tsinin Nordkapp da ke can ƙuryar arewacin Norwe. Duk inda ka sauka, ɗauki hoton allon da ke bakin ƙofa mai nuna lokacin komowa, ka dawo da minti 30 a hannu. In kuɗinka na yawo ɗaya ne kawai, ka kashe shi a Nordkapp, sauran garuruwan ƙafa ta isa.

Wanda ya sayi zuwa kaɗai zai sauka a Kirkenes da safiyar rana ta bakwai, ya hau jirgin sama zuwa Oslo, tafiyar wajen awa 2. Wanda ya sayi zuwa da dawowa zai ga da rana tashoshin da aka wuce da dare. Kowanne ka zaɓa, ka bar dare ɗaya tsakanin saukarka daga ruwa da jirgin komowa gida, domin iska na iya jinkirta jirgi ko ta hana shi shiga wata tasha. Wannan daren ma ka ƙirga shi cikin kwanakin da za ka rubuta a takardar neman biza, tare da kwana biyun farko na Bergen, domin kwanakin da aka buga a jikin bizar su ne iyakarka.